Me Za a Zuba wa Uwargida a Daren da Aure Ya Cika Shekara?

Daga cikin sababbin al'adun da suka shigo gidajen ma'aurata a ƙasar Daura cikin 'yan shekarun nan akwai keɓe daren da aure ya cika shekara, domin miji da mata su zauna su ci abinci su biyu ba tare da yara ko baƙi ba. Al'adar ta fi ƙarfi a tsakanin ma'aikata da malaman makaranta da 'yan kasuwar da suka yi zama a Kano ko Kaduna ko Abuja, sannan wayar hannu ta ƙarasa kai ta Sandamu da Zango da Baure da Mai'aduwa. A ƙasashen da aka aro ta daga gare su, babban abin da ke cin tunanin mai shirya irin wannan dare shi ne zaɓen giyar inabi, wato ruwan inabin da aka bari ya ruɓa har sukarinsa ya juye ya zama abin maye. A Daura wannan magana ba ta da wurin zama, domin Alƙur'ani ya haramta giya a cikin Suratul Ma'ida, Jihar Katsina kuma tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kuma ko da babu doka, mutuncin gida kaɗai ya isa ya hana. Sai dai gurbin da giyar ta bari a gefen faranti yana nan, kuma abin da ake cike shi da shi ya cancanci a tsaya a dube shi da idon basira.

Abin da ya fi yawa a yanzu shi ne doguwar kwalba mai duhun launi, wadda aka naɗe wa wuya da takarda mai ƙyalli, aka toshe bakinta da marfin da ke yin ƙara idan an buɗe, wadda masu kanti da masu saye suke kira wayin. Maigida kan tsaya a kanti bayan sallar magariba ya saya, a sa masa a leda, ya shiga da ita gida yana ganin ya sauke nauyi. Babu mai cewa ya yi laifi, domin niyyarsa ta kyautatawa ce, amma siffar kwalbar da naɗin wuyanta da ƙarar marfinta duk an kwaikwaye su ne daga giyar Shamfen ta ƙasar Faransa, kuma abin da ke ciki a mafi yawan lokuta ruwan inabi ne ko na tuffa da aka cika wa zaƙi aka ɗura wa iska. Wanda ya saye ta bai zaɓi komai ba, domin kwalbar da zai kai wa matarsa ita ce dai wadda za a buɗe a walimar saukar karatu da taron siyasa da bikin buɗe sabon shago.

Akwai kuma wani abin da ya kamata mai saye ya sani kafin ya miƙa kuɗinsa, wato kwalaben da ake cewa ba su da giya iri biyu ne, kuma asalinsu ya bambanta. Iri na farko ruwan inabi ne da aka dafa tun yana sabo domin a kashe ƙwayoyin da ke sa shi ruɓa, saboda haka bai taɓa zama giya ba ko na sa'a ɗaya. Wannan dabara ta yaɗu ne daga hannun wani likitan haƙori Ba'amurke mai suna Thomas Welch, wanda a shekarar 1869 ya yi amfani da hanyar da masanin nan Louis Pasteur ya gano, domin ya samar wa cocinsu ruwan inabin da ba ya bugarwa, wato shi ma damuwa ce ta addini ta haife ta. Iri na biyu kuwa giya ce sosai da aka gama haɗawa, sannan aka bi ta da injin da ke zuƙe sinadarin maye daga cikinta, kuma a ƙasashe da dama doka ta yarda a rubuta mata cewa ba ta da giya ko da ɗan abin da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba ya rage a ciki. Malamai sun yi magana a kan wannan iri na biyu, kuma da yawansu sun fi son a nisance shi saboda asalinsa. Don haka lambar hukumar NAFDAC da ke jikin kwalba, duk da muhimmancinta, shaida ce ta rajista da ingancin abin sha, ba fatawa ba ce. Dole mai saye ya juya kwalbar ya karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, ko ya nemi wanda zai karanta masa, musamman da yake a wasu manyan kantunan birane kwalbar mai maye da marar maye kan yi kama da juna har ido ya kasa rabewa.

Abin da ya fi dacewa a aro daga Turawa a wannan fage ba kwalbarsu ba ce, kulawarsu ce. Mutumin Faransa ko Italiya da ya san abin da yake yi ba ya zaɓen abin sha sai ya fara sanin abin da za a ci, domin a wurinsu abin sha abokin tafiyar abinci ne: mai tsami yana wanke maiƙo daga harshe, mai bauri yana tafiya da jan nama, mai sauƙin ɗanɗano yana tafiya da kifi, mai zaƙi kuma ana ajiye shi sai ƙarshe don kada ya kashe ɗanɗanon abin da zai biyo baya. Bayan haka suna girmama asalin abin, har doka ta hana a kira wata giya Shamfen sai wadda aka yi a yankin da ke da wannan suna, kuma tun a 1855 aka jera gonakin yankin Bodo daraja-daraja bisa umarnin Napoleon na Uku, jerin da har yau ake aiki da shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji da ke buƙatar maye. Ƙa'idoji ne na sanin harshe da sanin ƙasa da sanin wanda za a shayar, kuma matan Daura sun daɗe da sanin su a madafi, ko da ba a taɓa rubuta musu su a littafi ba.

Zoɓo shi ne ya fi kowane abin sha na gida cancantar zama a gefen nama. Ana yin sa da busasshen furen yakuwa, wanda ake nomawa da yawa a Jigawa da Katsina da Kano, ake kuma loda shi a manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa domin kai shi ƙasashen waje, musamman Meziko, inda suke shan sa kamar yadda ake sha a nan. A Senegal ana kiran sa bisab, a Masar da Sudan kuma karkade, kuma a can ba a jin kunyar miƙa shi ga babban baƙo. Yana da launi ja mai zurfi, yana da tsami, yana da ɗan bauri a ƙarshen harshe, wato ya haɗa siffofin da ake nema a abin shan da zai raka gasasshiyar zabuwa ko balangu ko tsire mai ƙuli da yaji. Abin baƙin ciki shi ne yadda ake ɓata shi. Mai sayarwa a bakin makaranta tana cika masa sukari da garin ɗanɗano na leda saboda abin da yara ke so ke nan, kuma daga nan ne mutane da yawa suka ɗauka cewa zoɓo abin shan yara ne da 'yan tasha. Zoɓon da za a kai gaban uwargida daban ne. Ana zaɓen mai duhu wanda ya bushe sarai ba ya warin ajiya, a ɗauraye shi da sauri don a fitar da ƙasa ba tare da an zubar da launinsa ba, a dafa shi da ɗanyar citta da 'yan ƙwayoyin kanumfari da ɓawon abarba da aka wanke, ko kuma a jiƙa shi ya kwana a ruwan sanyi idan ana son ɗanɗano mai laushi. Wasu kan jefa ɗan gutsuren kanwa don ta karya tsamin, sai dai kanwa tana dusashe launin zuwa baƙi-baƙi, kuma idan nama mai kitse za a ci, tsamin nan shi ne amfanin zoɓon, bai kamata a kashe shi ba. Sukari kuwa a sa kaɗan, domin wanda ya ji bai isa ba yana iya ƙarawa, wanda ya ji ya yi yawa ba shi da yadda zai yi.

Kunun aya wani sha'ani ne daban, kuma shi ne abin shan da Hausawa da kansu suka daɗe suna dangantawa da zaman aure, a irin zancen da mata kan yi a tsakaninsu lokacin gyaran amarya. Ko an yarda da duk abin da ake faɗa a kansa ko ba a yarda ba, haɗin aya da dabino da kwakwa abinci ne mai gina jiki, kuma zaƙinsa daga dabino yake fitowa idan an yi shi yadda ya kamata. Aya tana shigowa kasuwannin kan iyaka da yawa daga jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, kuma irinta ce mutanen Balensiya a ƙasar Sifaniya suke markaɗawa su yi abin shan da suke alfahari da shi, har suka yi wa ayar yankinsu rajistar suna kamar yadda Faransawa suka yi wa giyarsu. Aikin kunun aya yana farawa tun daren jiya: a rege ayar a cikin ƙwarya har tsakuwar ƙarshe ta zauna a ƙasa, a jiƙa ta ta kwana ta kumbura, da safe a cire ƙwallon dabino, a kankare baƙin bayan kwakwa don kada ya ɓata farin kunun, a markaɗa su tare da ɗan yankin citta, sannan a tace a ƙyalle mai laushi ana matsawa har tukar ta bushe a hannu. Aibinsa ɗaya ne, ba ya jure zafi. A bazarar Daura, lokacin da ma'aunin zafi kan haura 40 a watan Afrilu, kunun ayar da aka tace da hantsi aka bari a waje yana iya yin tsami da yauƙi kafin la'asar, don haka wanda ba shi da tabbacin sanyi gara ya jinkirta markaɗen zuwa yamma. Kuma saboda nauyinsa da zaƙinsa, wurinsa bayan abinci ne, tare da alkaki ko 'yan ƙwayoyin dabino, ba tsakiyar tuwo da miya ba.

A nan ne ya kamata a yi maganar wani abu da malaman hadisi suka ruwaito, domin ya shafi duk waɗannan abubuwan sha. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dabino ko zabibi a ruwa ya sha, amma ba ya wuce yammacin kwana na uku yana shan jiƙo ɗaya. Hikimar a fili take, domin duk ruwan da ke da zaƙi idan ya daɗe a zafi yana fara juyawa da kansa. Saboda haka sharaɗin sabunta da ake nema a kunun aya da kunun zaƙi da zoɓo ba na ɗanɗano kaɗai ba ne, yana da tushe a addini.

Fura da nono ita ce sarauniyar abin shan ƙasar Daura, kuma babu mai jayayya da haka a yankin da gero ya zama ginshiƙin noma, Fulani kuma suke kewaye da garuruwa da shanunsu, kasuwar Mai'aduwa kuma take tara dabbobi daga ɓangarorin iyaka biyu. Wanda ya san fura yana gane ta tun daga yatsa: wadda aka kirɓa da kyau a turmi tana da danƙo da santsi, ƙamshin citta da kanumfari da masoro yana tashi da zarar an fasa curin, ba ta kuma barin gari a maƙogwaro. Mai saye kan durƙusa gaban ƙwaryar, ya ce, "Inna, kindirmon na yau ne?" ita kuma ta ɗaga faifai ta ɗebo da ludayi ta ɗaga sama ta zuba don ya ga kaurinsa da idonsa. Kindirmo shi ne nonon da ba a cire wa mai ba, tsala kuwa wanda aka kaɗe aka kwashe man, kuma ga daren da ake magana a kai kindirmo ne ya dace. Amma gaskiya ita ce fura abinci ce cikakkiya, kuma wanda ya jera ta da shinkafa da kaza da farfesu ya zalunci furar ya zalunci girkin, domin babu wanda za a ci da daɗi. Idan fura ce uwargida ta fi so, to a gina daren a kanta, a sauƙaƙa sauran, a kawo dambun nama ko ɗan gashi kaɗan, a dama ta a ƙwarya ɗaya a sa ludayi biyu.

Yanayi ma yana da hukuncinsa. Auren da aka ɗaura a cikin hunturu zai riƙa zagayowa ne a cikin hunturu, lokacin da iskar Disamba da Janairu ke sa a rufe taga tun da wuri, kuma abin sha mai ƙanƙara a irin wannan dare azaba ce. Kunun gyaɗa mai ɗumi da aka tsinka da ruwan tsamiya ya fi dacewa, ko shayi mai citta da na'ana'a irin wanda Buzaye suka koya wa garuruwan kan iyaka, wanda ake dafawa a kan gawayi a sha shi zubi uku, abin da ke tsawaita hira ba tare da an shirya ba. Ruwan tsamiya mai sanyi kuwa na bazara ne, kuma yana tafiya da waina da miyar taushe.

Akwai masu ganin cewa duk wannan magana gini ne a kan aron da bai kamata a yi ba tun farko, domin a wurinsu tunawa da ranar aure kwaikwayon Nasara ne. Malamai sun saɓa a kan haka, wasu sun hana saboda gudun kamanceceniya da ƙirƙiro idi, wasu kuma sun ɗauke shi al'ada ce da ba ta shiga babin ibada ba, kuma ba aikin shafin jarida ba ne ya yanke hukunci a tsakaninsu. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne kyautata wa iyali da abin ci da abin sha. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin yadda takan sha daga ƙoƙo ta miƙa wa Manzon Allah, shi kuma ya sa bakinsa daidai inda ta sa nata, kuma an ruwaito cewa a daren tarewarta madara aka kawo ya sha ya miƙa mata. A al'adar Hausawa ta yau ma ango ba ya shiga ɗakin amarya hannu rabbana, yakan riƙo kazar amarci da madara ko kindirmo. Tarihin da Daura ke tinƙaho da shi kansa ya fara ne da baƙon da ya sauka da dare ya roƙi ruwa a gidan tsohuwa Ayana, aka ce masa ba a ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, ya je ya kashe macijin da ke hana ɗibar ruwan, abin da ya kai ga aurensa da Magajiya Daurama. Wanda bai gamsu da ƙidayar shekara ba yana iya zaɓen kowane dare ya yi wannan kyautatawa, amma ba zai ce shayar da mata baƙon abu ne a garin nan ba.

Abin da yake sabo da gaske shi ne zama a ci tare. A tsarin gidan Bahaushe na da, maigida a zaure yake cin tuwonsa da maƙwabta, mata da yara kuma a cikin gida, kunya kuma ta hana mace ko kiran sunan mijinta, sai dai ta ce Malam ko Alhaji ko Baban wane. Ga ma'auratan da suka tashi a irin wannan tarbiyya, zama fuska da fuska a kan tabarma ɗaya yana da nauyi, kuma kalaman da ake ji a finafinai ba sa fitowa daga bakinsu. A nan ne zaɓen abin sha yake yin aikin da baki ya kasa. Mijin da ya tuna cewa matarsa ba ta son kanumfari, ko ta fi son zoɓo da tsaminsa, ko ta daɗe tana ambaton irin furar da take sha a gidansu kafin a kawo ta, ya je ya nemo, ya faɗi abin da ba zai iya faɗa da harshe ba. Shi ya sa bai dace wahalar ta koma kan matar ba. Idan ita ce za ta rege aya ta kai markaɗe ta tace, bayan girkin da ta saba yi kullum, sannan a zauna a ce an karrama ta, to an ƙara mata aiki ne kawai. Maigida yana da ƙanne da yayye mata, kuma kowace unguwa a Daura tana da matar da aka sani da iya kunu ko fura, wadda za a iya yi wa magana tun kwana biyu kafin ranar a biya ta haƙƙinta. Mai mata fiye da ɗaya kuma ya san cewa irin wannan dare sai a ranar girkin mai shi, kuma abin da ya yi wa amarya a watan da aka kawo ta, uwargida tana da irinsa a nata watan, ba lallai abin sha iri ɗaya ba, domin adalci a nan shi ne kowace ta samu abin da ita take so.

Dole kuma a ba kwalbar kanti haƙƙinta a wuri ɗaya, wato tsabta da ajiya. An rufe ta a masana'anta, tana ɗauke da ranar lalacewa, ba ta damu da ɗaukewar wutar lantarki ba. Abin shan gida kuwa amincinsa yana rataye ne a kan ruwan da aka yi shi da shi, da injin markaɗen da wataƙila an gama niƙa tattasai a cikinsa, da ƙanƙarar da ba a san daga wace rijiya aka ɗebo ruwanta ba, da tsofaffin robobin da ake tsintowa a sake ɗurawa. Maganin wannan ba shi da wuya: a tafasa ruwa, a wanke injin kafin a zuba, a sanyaya abin sha ta hanyar nitsa mazubinsa a cikin ƙanƙara maimakon jefa ƙanƙarar a ciki. Lafiyar mai sha ma abin dubawa ce. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka buga a 2010, ya nuna cewa shan kofi uku na ruwan zoɓo kullum har mako shida ya sauke hawan jinin waɗanda aka gwada, don haka mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu su tuntuɓi likita kafin su yawaita shi. Mai ciwon sukari kuma ya sani cewa dabino da zuma ma zaƙi ne, ko da yake abin da ke cikin kwalbar kanti bai fi su sauƙi ba.

Abin da ya rage wa masu sana'ar abin sha a Daura shi ne su ɗauki kayansu da irin darajar da masu gonakin inabi suka ɗauki nasu. A yanzu zoɓo da kunun aya ana sayar da su ne ba suna, ba ranar da aka yi su, ba bayanin abin da aka zuba a ciki, alhali mai neman abin da zai kai wa iyalinsa a irin wannan dare a shirye yake ya biya fiye da kuɗin roba idan ya samu mazubi mai tsabta da aka rubuta wa ranar haɗawa, da inda aka samo ayar, da ko an sa sukari ko dabino ne kaɗai. Ƙungiyoyin mata da cibiyoyin koyar da sana'a a ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura suna iya fara wannan da ɗan jari, musamman a lokacin Sallar Gani, sa'ad da garin ke cika da baƙin da za su ɗanɗana su kuma yi oda kafin su koma Kano da Abuja da Damagaram.